Na Bar Suna Na Bi Rana

Da na gaya wa mahaifina cewa aikin da zan je yi a Manchester ba ya yiwuwa sai da hasken rana, sai ya ajiye kofin shayinsa ya leƙa tsakar gida. Lokacin bazara ne a Gusau, kaji duk sun buɗe baki a gindin randa.

Ya ce, "Wannan ta waje fa, laifin me ta yi miki?"

Na ce, "Baba, na'urar ce ba mu da ita a nan."

Ya ce, "To su aiko da na'urar mana. Ita ai ba ta da uwar da za ta yi kuka a filin jirgi."

Na yi dariya a lokacin. Ban daɗe a Ingila ba na gane cewa a gidanmu shi ya fi kowa fahimtar binciken.

Ga yadda aikin yake. A saman ginin sashenmu a jami'a, kusa da Oxford Road, akwai wani akwati mai murfi, a cikinsa madubai ne da ke bin rana duk inda ta juya. Su ke tura haskenta ta wani bututu zuwa ɗakin da ke ƙasa, inda na'urar take zaune, doguwa fara kamar firizar masu sayar da ƙanƙara. Kafin hasken rana ya iso gare mu sai ya ratsa duk iskar da ke sama, kuma kowace irin iska takan gutsuri nata kason ta bar gurbi. Aikin na'urar shi ne ta baje hasken ta nuna mana guraben. Ni gurbin da aka ba ni na wata iska ce da ake kira hydrogen chloride. Mazauninta can sama da inda jirage ke bi, a hawan da muke kira stratosphere, inda babu hadari babu ruwa.

Abin da ya sa na ƙaunaci aikin shi ne, kana tsaye a ƙasa, ko tsani ba ka taka ba, za ka iya sanin nawa ke can ƙololuwa, nawa ke ƙasa-ƙasa. A can sama sosai iska ba ta da yawa, don haka gurbin da ake bari siriri ne kamar tsagar reza. A ƙasa-ƙasa, inda iska ke matse juna, gurbin yakan baje kamar an danna babban yatsa a malmalar tuwo. Abin da muke gani a allo haɗin su ne, rami mai faɗin baki da tsinin gindi. Sai kwamfuta ta taya mu rabawa: wannan na hawan ƙasa ne, wannan na tsakiya, wannan na sama.

Sharaɗi ɗaya ne. Kada komai ya shiga tsakanin madubi da rana, ko da gajimare ne mai shara-shara kamar mayafi. Wannan sharaɗin ne na ɗauko na kawo Manchester.

Na sami ɗaki a Levenshulme, a wani layi bayan Stockport Road, gidan wata Bahaushiyar Kumasi da mijinta. 'Ya'yansu sun tashi sun bar musu ɗakuna. Ita Anti nake ce mata, shi kuma Kawu. Anti tana aikin kula da tsofaffi, gida-gida take bi, don haka ta san kudancin garin lungu-lungu. Kawu ya yi shekaru yana tuƙa bas mai hawa biyu kafin ya yi ritaya ya sayi wata mota mai kujeru bakwai, wadda yake wankewa ko da ana ruwa. Idan Anti tana cikin natsuwa takan ce min "ke". Idan hankalinta ya tashi sai Hausar Kumasi ta taso mata, kowa ya koma "kai", mace da namiji.

A makon farko ta tsare ni a kicin tana yanka albasa.

"'Yata, me kike aunawa a uni ɗin nan? Mata suna tambayata, na ce musu dakta ce ta sama."

Na ce mata wata iska ce, kuma idan ta narke a ruwa ita ce asid ɗin da ke cikin kowane mutum yana narka masa abinci.

Ta ajiye wuƙa. "Wannan da ke taso min a ƙirji in na ci yaji? Wanda GP, likitana, ya hana ni shan lemo saboda shi?"

"Shi ne, Anti."

"Kin baro uwarki da ubanki kin zo neman ƙwannafi a sama? Ai da kin zo kin auna ni."

Na yi mata bayani cewa iskar da ake zuba wa tsofaffin firji da gwangwanayen feshi a da, ita ce ta tashi sama da sinadarin kulorin, wanda ke cinye rufin da ke tare mana zafin hasken rana. Mafi yawan kulorin ɗin yakan koma hydrogen chloride, a nan yake kwanciya bai cika ɓarna ba. Tun da aka hana waccan iskar a duniya ake so a ga ko yana raguwa, kuma a wane hawa. Ta juya ta ƙare wa firjinta kallo, ta ce wannan sabo ne, ba ruwansa. Daga nan ta tambaye ni abin da ke hana ni aunawa in gama in huta. Na nuna mata taga.

Duk wanda ya yi hunturu a garin nan ya san abin da ke bayan tagar. Sama takan sauko ta zauna a kan rufin gidaje kamar murfin tukunya. Kullum da safe ina hawa bas in je in zuba wa na'urar ruwan naitirojin, domin idonta ba ya gani sai ya yi sanyi ƙarara. In zauna in jira. Wajen la'asar ruwan naitirojin ɗin ya ƙare, duhu ya shigo, in hau bas in koma. Malamina, wani farfesa dogo mai magana a hankali kamar yana tsoron tada barci, yakan leƙo ya ce kada in damu, shi ma haka ya yi. Ban ga yadda wannan zai zama lallashi ba, domin gashin kansa duk ya yi fari.

Anti ce ta ɗauki lamarin da zafi. Wata safiya ina cikin laburare wayata ta yi ƙara.

"Kai! Ya fito! Ina Withington, ga shi nan a kan cocin!"

Na kwashi jaka na ruga. Kafin in kai saman gini rana ta koma. Washegari ta sake kira daga Fallowfield. Bayan haka ta sa maganar a zauren waya na matan unguwa, wanda aka buɗe domin sanarwar haihuwa da rasuwa da inda ake samun kuɓewa mai arha. Cikin ɗan lokaci na zama mai ma'aikata. Matan da ban taɓa gani ba suna aiko da saƙo: "A gaya wa yarinyar Anti rana ta fito a wajen asibiti." Wata ta turo hoton wani fari-fari a cikin gajimare, kamar ƙwayar magani a ƙasan kofi, ta rubuta, "Wannan ta isa?" Na amsa cewa ba ta isa ba, sai wadda ke sa mutum ya ga inuwarsa sosai. Daga ranar suka koma turo hoton inuwarsu. Ina da hoton inuwar matan Levenshulme da dama riƙe da jakar cefane.

Wasu ranakun an dace. Nakan sami rabin awa, wani lokaci awa guda, kuma haka aikin ya riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. Amma sau da yawa gudun banza nake yi. Direbobin bas na hanyar har sun san ni, mai dogon hijabi da ke gudu tana kallon sama.

Wajen ƙarshen hunturu na biyu, Farfesa ya kira ni ofishinsa ya nuna min wata taswira. Ya ce a lokacin sanyi iskar da ke saman ƙarshen duniya ta arewa takan yi kewaye ta kulle kanta cikin duhu. A cikinta hydrogen chloride yakan ragu ƙwarai a hawan ƙasa, domin kulorin ɗin ya tashi daga kwanciya ya fita ɓarna. Wani lokaci gefen wannan iskar yakan zamo ya ratso ta saman Ingila, ya yi yini ɗaya ko biyu ya wuce. Ya sa yatsa a kan taswirar ya ce ranar Asabar za ta bi ta kanmu.

"Da za a sami rana," in ji shi, "da kin ga abin da mutane ke zuwa ƙasashen ƙanƙara domin su gani."

Muka duba hasashen yanayi tare. Asabar gajimare ne daga safe har dare. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma zai tafi Scotland wajen yayarsa. Ni kuwa har na ji daɗi, domin Asabar ɗin ce sunan jikar Anti ta fari. 'Yarta da ke aure a Birmingham ta haifi mace.

Anti, wadda ta tafi can wajen mai jego, ta dawo gida tun ranar Alhamis domin girki, ta ce kicin ɗin flat ɗin 'yarta ko tukunyarta ɗaya ba zai ɗauka ba. Muka yi shinkafa da wake irin ta Gana, mai jan karan dafi, kula-kula. Amma abin alfaharinta miya ce. Yini guda ta yi a kanta, da naman sa da ganda da soyayyen kifi da dafaffen ƙwai, tana juyawa tana korar Kawu daga bakin ƙofa. An ɗinka mana anko na leshi ruwan zuma. Ranar Asabar da sassafe aka ɗaura min goggoro wanda sai da na sunkuya kafin in shiga mota. Muka cika motar Kawu da mata da kuloli muka kama hanya.

A Birmingham ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. An raɗa suna da safe a masallaci, da rana kuma aka taru a wani ɗakin taro na unguwa da aka kama haya. Aka shigar da kulolin shinkafa. Ta miya kuwa Anti ta ce a bar ta a but ɗin mota sai lokacin rabo, domin ta san mutanenta, in aka ajiye ta a kicin kowa zai zo "duba gishiri" ya tafi da tsoka. Aka ba ni aikin jera faranti.

Ina cikin jerawa, wajen azahar, na ji wayoyi suna ƙara a jakunkuna, nan da can, kamar kwaɗi bayan ruwa. Mata suka fara ciro waya suna dubawa, suna ɗagowa suna kallona. Na ciro tawa. Waɗanda aiki ya hana su zuwa suna ne ke turo hotuna daga Manchester. Sama shuɗiya tas. Inuwa baƙa ƙirin a kan titi. Wata ta ɗauki bidiyo tana juyawa gabas da yamma tana cewa, "Ko ɗigon gajimare babu, wallahi, ku gaya mata!" A ƙarƙashin wannan ga saƙon Farfesa: ya ga hoton tauraron ɗan Adam, gajimaren ya tsage a kan garinmu, ko ina kusa?

Na fita baranda na tsaya ina kallon ruwa. Na ce wa kaina ba zan tafi ba. Anti ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, yau ranarta ce, ko jaririyar ban ɗauka ba tukuna. Na mayar da wayar jaka na goge idona da gefen gyale, a hankali saboda kwalli.

Ban ji zuwanta ba sai muryarta.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Anti, ina shan iska ne."

"Wace iska? Na ga hoto. Ba yau ne abin nan na ƙanƙara zai wuce ba? Ba kai ka faɗa min ina soya kifi ba?"

"Anti, suna fa ake yi. Kuma kafin in sami jirgin ƙasa..."

"Sunan an riga an raɗa, ba za a canza shi don ba ka nan ba. Hunturu biyu ina bin rana a titi kamar mahaukaciya, yau ya fito ka ce faranti kake jerawa?"

Ta juya ta shiga ɓangaren maza kai tsaye. Ta fito da Kawu a gaba, yana cikin babbar riga fara, da kofin lemo a hannu bai ko kurɓa ba. Ta karɓe kofin ta danƙa masa makulli.

Ina so in ce mun tashi da gudu, amma Kawu bai taɓa gudu da mota ba a rayuwarsa. Ya gyara madubin dama, ya gyara na hagu, ya tambaye ni ko na ɗaura bel, ya yi addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe. A babbar hanya ya kama layin manyan motoci ya zauna. Ina ta danna ƙafata a ƙasa kamar akwai totur a wajena.

"Kawu, ko za mu ɗan wuce wannan tirelar?"

"Malama, na yi shekaru ina ɗaukar mutanen da suka makara. Ban taɓa ganin wanda ya isa da wuri don ya matsa wa direba ba."

Ruwa ya raka mu har muka wuce Stafford. Can sai ga bakin gajimaren a gabanmu, a miƙe kamar an yanka da almakashi, bayansa kuma shuɗi. Muka fita daga inuwa muka shiga haske. Na ji ɗumi a bayan hannuna. Kawu ya sauke abin tare rana na gaban gilashi, wanda ina jin tun da ya sayi motar bai taɓa sauke shi ba, domin wata tsohuwar takardar fakin ce ta faɗo masa a cinya. Da muka shigo gari sai tsohon hali ya motsa, duk tashar bas da muka zo sai ya rage gudu ya leƙa ko akwai mai jira.

A ƙofar sashenmu na tuna da doka: ba a hawa saman gini mutum ɗaya, dole sai da na biyu. Ranar Asabar ce, babu kowa sai mai gadi, shi kuma ba ya barin teburinsa. Ya kalli goggorona, ya kalli babbar rigar Kawu, ya tambaya ko biki ake yi a sama. Na yi masa bayani. Ya rubuta Kawu a matsayin baƙo, ya miƙo masa riga mai ƙyalli ruwan ɗorawa. Kawu ya ɗora ta a kan babbar riga.

Na fara shiga ɗakin na'ura. Na cire takalmi mai tsini na zura takalman aiki da ke ƙarƙashin teburina, na sa safar hannu mai kauri da gilashin kare ido, na fara tsiyaya ruwan naitirojin. Farin tururi ya malalo daga bakin na'urar ya bi ƙasa. Kawu ya yi baya har ya bugi ƙofa.

"Malama, ta kama!"

"Sanyi ne, Kawu, ba wuta ba."

"Sanyi mai hayaƙi? To."

Daga hawa na ƙarshe zuwa rufin, matakalar ƙarfe ce mai ramuka, ana hango ƙasa ta cikinta. A nan Kawu ya tsaya. Ashe duk shekarun da ya yi yana tuƙa bas mai hawa biyu, hawan saman ba ya zuwa sai dole. Ya tattare babbar riga ya riƙe ƙarfe da hannu biyu, yana hawa yana salati. Da muka fita ya zauna a bakin ƙofa ya jingina da bango ya rufe ido.

"Aikina kawai in kasance, ko?"

"Eh, Kawu, ka kasance kawai."

Na buɗe murfin akwatin. Iska ta nemi ta tafi da goggorona, na dafe shi da hannu ɗaya. Madubin ya yi ɗan kukansa, ya juya, ya laluba, ya tsaya cak yana fuskantar rana. Ban taɓa ganinta haka a garin nan ba, fes, ba ko hazo a gefenta.

Muka sauko na kunna awo. Kowane zagaye yakan ɗauki 'yan mintoci. Na farko ya ƙare, layi ya fito a allo, na matso da wajen da nake nema. Kawu ya sa tabarau ya sunkuyo.

"Ina abin?"

Na nuna masa da bakin biro.

"Wannan ɗan ramin?"

"Shi ne."

"Daga Birmingham?" Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Na ɗauka za mu ga wani abu yana tafiya."

Na buɗe masa na wata ranar da na auna a baya na ɗora a kan na yau. Tsinin gindin kusan ɗaya ne, amma kafaɗun ramin na yau sun tsuke, kamar wanda ya yi jinya riga ta yi masa yawa. Na ce masa tsinin na can sama ne, bai canza sosai ba, kafaɗun kuma na hawan ƙasa ne, kuma ga shi sun rame. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce lallai wannan ya fi wancan yunwa.

A zagaye na uku wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce Anti ce, tana so ta ji ko mun iso lafiya. Ya kara a kunne, nan take ya janye ta nesa. Daga inda nake zaune ina jin komai.

"Ina miyana? Kai da shi, ina miyana?"

Muka kalli juna. Kular miya tana but ɗin mota, a ƙofar sashen nazarin sararin sama, a Manchester. Mutane kuma suna zaune a Birmingham da farantin shinkafa da wake a gabansu.

Na miƙe na fara cire safar hannu. Kawu ya ɗaga min hannu, ya gama sauraron abin da ake faɗa masa, wanda ya ɗauki lokaci, ya ce "To" sau da yawa, ya kashe.

"Zauna ki gama. Ko yanzu muka tashi sun riga sun ci. Faɗan kuma an riga an yi min shi, ba zai ƙaru ba."

Na ci gaba da awo har rana ta sauka bayan wani dogon bene. Da muka koma rufe murfin, Kawu ya hau matakalar da ɗan sauri fiye da farko. Wannan karon bai rufe ido ba. Ya matso kusa da shingen, ba sosai ba, ya leƙa Oxford Road. Bas-bas suna bin juna a ƙasa kamar kwalayen ashana. Ya fara nuna min su da yatsa, wannan Withington za ta, wancan ta makara, ga inda ɗalibai ke tsallakawa ba sa duba hanya. Sannan ya ce, "Ashe haka muke daga sama. Ban san rufinmu fari ba ne."

Muka yi la'asar a ɗan ɗakin salla na sashen, muka sake kama hanyar Birmingham da miya. Mun yi magariba a wani wajen hutawar matafiya. Da muka isa an fara naɗe kujeru.

Abin da ya faru bayan tafiyarmu shi ne, da aka nemi miya aka rasa, mijin mai jego ya ruga wani gidan abincin 'yan Pakistan da ke layin ya sayo miyar kari, duk abin da suke da shi a tukunya. Da ita aka ci shinkafa da waken Anti. Wannan kaɗai ya isa baƙin ciki. Abin da ya fi shi ciwo, mutane sun yaba. Muna shiga wata mata tana riƙe da hannun Anti tana cewa ba ta taɓa cin haɗi mai daɗin wannan ba, a ina ta koyo? Anti tana murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a sahu.

Ta sa aka kawo kular bakin ƙofa, ta buɗe, ƙamshi ya cika wajen. Ta ɗauki ludayi ta tsaya. Duk wanda zai fita sai ta zuba masa a robar da aka kawo kari a ciki, bayan an wanke, ta ce, "Ka je gida ka ci miyar suna ta gaskiya." Har mijin mai jego sai da ta ba shi, ta ƙara masa ƙwai biyu, ba ta kalle shi ba.

Sai da wajen ya kusa watsewa ta shiga ciki ta fito da jaririyar a naɗe cikin tawul. Ta ɗora min ita a hannu. Yarinyar tana barci, bakinta yana motsi. Anti ta gyara mata hula, ta gyara min goggorona da ya karkace tun a saman gini, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kin samu?"

"Na samu, Anti."

"Mai kyau?"

"Ban taɓa samun kamarsa ba."

Ta gyaɗa kai. "To. Shi wancan kuwa," ta nuna Kawu da haɓa, yana can yana taya naɗe kujeru, har lokacin da rigar mai gadi a jikinsa domin ya manta bai mayar ba, "ki ce masa ban gama da shi ba."

Ranar Litinin na kai wa Farfesa sakamakon. Kwamfuta ta raba hawa-hawa, kuma abin da na gani da ido ya tabbata: a hawan ƙasa iskar ta ragu sosai, a sama tana nan yadda take. Ya daɗe yana kallon takardar yana shafa haɓa. Ya ce, "Lovely," wanda a wajensa ihu ne. Daga nan ya ce abin da zai ƙarfafa wannan babin shi ne a sami irin wannan yinin wasu 'yan lokuta, idan iskar ta sake ratsowa baɗi.

Da yamma na kira Anti, tana can Birmingham wajen mai jego. Na gaya mata abin da Farfesa ya ce. Ina jin kukan jaririyar a bayanta da ƙarar ruwa a taga.

Ta ce, "Baɗi? In dai sai ina suna rana ke fitowa a garin nan, ki ce masa ya yi haƙuri. Autata ko saurayi ba ta kawo min ba tukuna."